Tazargade da Ciwon Daji: Mu Kula da Fassara

Ran nan a tashar mota na ji mai magani yana shela wai Turawa sun tabbatar tazargade na warkar da ciwon daji. Abin ya dame ni.

Gaskiya ne a 1972 Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro sinadarin atemisinin daga wani nau'in tazargade, amma maganin zazzaɓin cizon sauro ne. Game da daji kuwa, ya kashe ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji, amma ba a tabbatar yana warkar da mutum ba.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne masu fassara a rediyo. A ra'ayina, "ana bincike" daban, "yana warkarwa" daban. Kuskuren kalma ɗaya na iya hana majinyaci zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Allah ya kiyaye.