RA'AYINMU: Abota da Ciniki a Zamanin Yaƙin Hitila

Duk lokacin da ake maganar zumunci tsakanin ƙasashe, akan kawo misalin Mista Churchill, Firayim Ministan Ingila, da Shugaba Roosevelt na Amurka. Lalle sun haɗa kai har aka ci Jamus a 1945. Amma mu a ganinmu, ko da suna abota kowannensu yana riƙe da awonsa.

A watan Satumba 1940, bayan Faransa ta faɗi, Ingila kuwa tana cikin matsi, Amurka ta ba ta tsofaffin jiragen ruwa na yaƙi guda 50. Ladan Amurka shi ne izinin kafa sansanonin soja na shekara 99 a wasu ƙasashen da Ingila ke mulki.

A watan Agusta 1941 shugabannin biyu suka sadu cikin jirgin ruwa a gaɓar Newfoundland, suka fito da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da 'yancin zaɓen irin mulkin da take so. Ba a cika wata guda ba, Mista Churchill ya shaida wa majalisa cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. Roosevelt ba ya ƙaunar mulkin mallaka, kuma talaucin da ya gani a Gambiya a Janairu 1943 ya dame shi ƙwarai. Duk da haka bai yarda wannan saɓani ya ɓata masa tafiya da Ingila ba.

To, ina namu rabon? Jiragen saman yaƙi sun riƙa bi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar, sojojinmu kuma sun zubar da jini a Bama. Amma sai da mutanenmu suka tashi da kansu. A 1943 editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe da Malam Abubakar Imam, suka ziyarci Ingila, inda Azikiwe ya kafa hujja da wannan yarjejeniya ya nemi mulkin kai. Sai 1960 aka samu.

Jama'a, darasin a fili yake. Manya suna iya saɓa wa juna su kuma yi aiki tare, muddin kowa ya san ribarsa. Alkawarin da aka yi wa ƙarami kuwa, in bai bi sawunsa ba, a takarda zai tsufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.