DA DIGIRINKA ZA KA YI TALLA?

Wannan tambayar ce ta raba wani ƙanena da aiki makon jiya, kuma wallahi har yanzu abin na ci min rai.

Yaron nan shekararsa biyu da gama bautar ƙasa. Na samo masa aiki a wani kamfani mai raba kayan masarufi. Aikin shi ne ya riƙa zaga shaguna yana karɓar oda, yana bin kuɗin kaya. Albashin ba yawa, amma akwai kuɗin mota, akwai kamasho a kan kowane katan. Ya ci intabiyu, aka ce ya fara ranar Litinin. Daren Lahadi sai ga wani kawunmu ya shigo gida. Da ya ji labari sai ya riƙe baki ya ce, "Haba ɗana, yanzu da digirinka za ka yi talla? Yi haƙuri, akwai wanda ya yi min alkawari a ma'aikata." Litinin ta yi, yaro yana kwance a ɗaki. Alkawarin nan kuwa tun yana aji uku a jami'a muke jin labarinsa.

Ban ja da Kawu ba, babba ne. Amma abin da na haɗiye a gabansa zan amayar da shi a nan, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan kawun ba.

Jama'a, yaushe Bahaushe ya fara jin kunyar sayar da kaya? Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500 ke nan. Kakanninmu sun taka da ƙafa har Gwanja saboda goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, fatauci ya yi, daga goro ya koma gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ma, kafin ya gina masana'anta ko ɗaya, saro kaya yake yana sayarwa. In ta fuskar addini ne, Manzon Allah (SAW) ya kai kayan Nana Khadija Sham ya sayar. Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya gode ya ce a nuna masa kasuwa. To mu wa muka gado da muke ganin riƙe jakar oda ƙasƙanci ne, amma roƙon kuɗin data a wurin yaya ba ƙasƙanci ba ne?

Abin dariyar shi ne, mutumin da zai hana ɗansa aikin sayar da kaya, shi ne zai miƙe tsaye in wani Alhajin Kantin Kwari ko na Singa ya shigo wurin ɗaurin aure. Ka tambayi Alhajin nan inda ya faro. Da yawansu yaran shago ne, sun yi shekaru suna kiran kwastoma a bakin layi, suna ɗaukar dila a ka, kafin ubangida ya sallame su da jari. Muna son ganin Alhaji, ba ma son ganin hanyar da ya bi.

Ni ba labari aka ba ni ba. Da wannan aikin na fara, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce akwai daɗi ba. Makona na farko na shiga shaguna sun fi 40, uku ne kacal suka yi oda. Wani mai shago ko amsa sallamata bai yi ba. Na haɗu da abokin karatuna yana cikin mota mai sanyi, ni kuwa gumi ya jiƙa min riga, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma a wata shida na koyi abin da shekara huɗu a jami'a ba ta koya min ba.

Na koyi cewa ba a zuwa wa mai shago da maganar oda yana tsaka da ciniki. Na koyi cewa in ya ce "albarka", ba korarka ya yi ba, cinikin ne ya fara. Na koyi cewa in ka tura wa mutum kayan da ba sa tafiya a unguwarsa don kawai ka cika adadin da aka yanka maka, kayan za su yi kwantai, kuma ka rufe wa kanka ƙofar shagon nan. Na koyi duba ranar lalacewar kaya kafin in sauke, da rubuta komai, da komawa ranar da na ce zan koma. Masu cewa ɗan kasuwa sai da ƙarya ba su taɓa zaga layi ɗaya kowane mako ba. Wanda ka yaudara yau, shi za ka tarar a zaune mako mai zuwa.

Na kuma sha wuya. Na taɓa ba wani mutum katan 30 bashi ba tare da rubutu ba, don kawai ya san mahaifina. Ya ɓace. Wata uku ana yanka a albashina. Daga ranar na gane sanayya daban, ciniki daban.

Za a ce, ai aikin gwamnati akwai fansho, akwai kwanciyar hankali. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya samu Allah Ya sanya albarka. Amma mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun 2024, kuma kowa ya san yadda farashi ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Guraben nawa ne, masu jira nawa ne? Yaron da ya yi shekara uku yana jira, me zai rubuta a takardarsa? Wanda ya yi ukun nan a kan titi kuwa, ya san masu shago ɗaruruwa da sunayensu, ya san abin da ke tafiya a kowace unguwa. Daga nan ake zama mai kula da yanki, ake zama manaja, ko mutum ya tara jari ya zama dila da kansa, kwastomominsa na hannu. Kuma a iya abin da na gani, in kamfani ya tashi rage ma'aikata, mai shigo da kuɗi ne na ƙarshen fita.

Za a kuma ce, ai ana cutar yara a harkar. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa nake cewa a shiga da ido buɗe. Aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista kafin ka fara, ba aiki ba ne. Wanda aka ce ribarka tana cikin kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, ba ciniki ba ne, ɗan'uwan MMM ne da ya cinye kuɗin mutane a 2016. Ka nemi a rubuta maka nawa ne kamashonka, yaushe ake biya, wa zai ɗauki asara in kaya suka lalace. Kada ka haɗa kuɗin kamfani da naka a aljihu ɗaya ko da na kwana ɗaya ne. Wannan ita ce nasihar da ya kamata babba ya yi wa yaro, ba ya ce masa zauna a gida ba.

Iyayenmu, don Allah ku daina kashe wa yara gwiwa. Kun sha wahala kun biya kuɗin makaranta, mun sani, amma digiri ba ya narkewa a rana. In kuna da alkawari a ma'aikata, ku bar yaro ya yi ta aikinsa har ranar da takardar za ta fito, in ta fito sai ya zaɓa.

Gurbin ƙanen nawa dai an ba wani tun ranar Talata. Jiya da daddare ya turo min saƙo: "Yaya, don Allah ko da dubu biyu." Na tura masa. Ban ce masa komai ba, don na san shi ma ya gane.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya raba mu da girman kan da babu ko sisi a aljihunsa.