Ƴan wasan tsakiya biyu da darasinsu ga samarin Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya ratsa Madawa, ko Buza, ko Keita bayan sallar la'asar, zai tarad da yara a bayan gari suna buga tamaula cikin ƙura, duwatsu biyu ne ragarsu, kuma da wuya a rasa mai sanye da rigar Barsalona ta gwanjo a cikinsu. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan abu a kan shiririta, samari kuwa suna ganin ita ce gajeriyar hanyar zuwa Turai. Kowane ɓangare yana da gyara a maganarsa, kuma tarihin waɗansu ƴan wasan tsakiya biyu, ɗaya Bakano ɗaya ɗan ƙasar Sipaniya, ya isa ya nuna inda gyaran yake.

Na farkonsu shi ne Sani Kaita. Sunansa ya yi kama da na garin Keita, amma a Kano aka haife shi cikin shekarar 1986, kuma a ƙungiyar Kano Pillars ya fara yin suna. Aikinsa a fili shi ne tsaron tsakiya, wato ƙwace ƙwallo daga abokan karawa da miƙa ta ga na gaba, aikin da ƴan kallo ba su cika tafa masa ba, alhali kuwa in babu shi ƙungiya ba ta tsayawa. A shekarar 2005 yana cikin matasan Najeriya da suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a ƙasar Holan, inda Ajantina ta cinye su da 2 da 1. A wannan shekara ce ƙungiyar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 kuma ya samu lambar azurfa a wasannin Olimpik na birnin Bejin, bayan Ajantina ta sake rinjayarsu da ci 1. Wanda ya kai wasan ƙarshe na duniya har sau biyu yana da shekara 22, babu mai shakkar baiwarsa.

Daga nan ne tafiyar ta fara rikicewa. Ƙungiyar Monako ta saye shi, amma ba ta ba shi wurin zama ba, sai ta yi ta ba da shi aro: Kuban da Lokomotif ta Mosko da Alaniya a Rasha, Metalist a Ukren, Iraklis a Girka, duk cikin ƴan shekaru kaɗan. Kowane wuri da harshensa, da mai horaswarsa, da irin sanyinsa. Ran 17 ga watan Yuni na 2010, a birnin Bulumfonten na Afirka ta Kudu, Najeriya tana gaban Girka da ci 1 a gasar cin kofin duniya, sai Kaita ya kai wa Torosidis shuri a bakin layi, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati a minti na 33. Girka ta farke, ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Har barazanar kisa aka aika masa. Daga baya ya buga a Saifurus, ya dawo Enyimba, ya je har Finlan, amma bai sake komawa matsayinsa na da ba.

Na biyunsu shi ne Andres Iniyesta, wanda aka haifa a 1984 a Fuentealbilla, wani ƙauye na lardin Albasete da bai kai garin Keita yawan jama'a ba. A 1996, yana da shekara 12, aka gan shi a wata gasar yara ta ƙasa da aka yi a Brunete, sai Barsalona ta ɗauke shi zuwa gidan renonta da ake kira La Masia, inda ake haɗa wa yaro kwana da abinci da karatun boko da horon ƙwallo a wuri guda. Ya fara buga wa manya a 2002, bai bar ƙungiyar ba sai 2018, bayan wasa 674, da kofin ƙasa 9, da kofin zakarun Turai 4. Ya buga wa Sipaniya wasa 131, ya ci kofin Turai a 2008 da 2012. Ran 11 ga watan Yuli na 2010 kuwa, kwana 24 bayan abin da ya sami Kaita, a wannan gasa ɗaya, shi ne ya jefa ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin duniya a minti na 116, a karawarsu da Holan a Johannasbag. Ya ƙarasa wasansa a Japan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ajiye takalma a 2024.

Ba daidai ba ne a ce Kaita ba shi da laifi, domin ƙafarsa ce ta yi shurin, kuma ɗan wasan tsakiya shi ya fi kowa buƙatar sanyin zuciya. Haka nan ba daidai ba ne a shafe shekarun da ya yi yana hidima saboda kuskuren daƙiƙa guda, balle a nemi ransa a kan wasa. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi ya fi wannan girma. Iniyesta ya yi shekara 22 a gida ɗaya, da salon wasa ɗaya, tare da abokan da suka san motsinsa tun suna yara. A wasan ƙarshe na 2010, shida daga cikin waɗanda suka fara wa Sipaniya wasa renon Barsalona ne, kuma Fabregas da ya shigo daga baya ya miƙa masa ƙwallon, shi ma can ya taso. Kaita kuwa tun da ya bar Holan bai sake samun inda zai zauna ya natsu ba. Irin haka ta faru ga Musa Ma'azu na Mena, wanda ƙungiyar CSKA ta Mosko ta saya a 2009, ta kuma ba da shi aro ga Monako da Bordo.

Manoman wannan yanki ba su buƙatar a yi masu dogon bayani a kan haka. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iska, kuma tun 1984 mutanen Keita, galibinsu mata, suka shiga aikin farfaɗo da ƙasa da aka yi da taimakon Italiya. Sun san cewa dashe yana fara rayuwa ne a wurin reno, a shayar da shi, a kare shi daga awaki, sa'an nan a kai shi ramin da zai zauna. Wanda aka yi ta tumɓukewa ana sake masa wuri kuwa, ko irinsa ya fi kowane kyau, saiwarsa ba ta kama ƙasa.

Wani zai ce gundumar da take fama da ƙarancin ruwan sha da cimaka ba ta da halin gina La Masia. Gaskiya ne, kuma babu mai neman haka. Abin da ya fito da Iniyesta daga ƙauye gasar yara ce mai tsari, kuma wannan bai fi ƙarfin magajin gari da shugaban makarantu ba. Ƙasar Nijar ta riga ta gwada irin wannan a wani fanni. Kokawar gargajiya a dandalin ƙauye take, har aka shirya mata gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, aka sa mata dokoki da alƙalai da zaɓe daga ƙasa zuwa sama, ta zama abin da kowa yake alfahari da shi. A fagen tamaula ma, Haruna Dula, ɗan ƙasa, shi ya kai Mena gasar cin kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, bayan an doke Masar da Afirka ta Kudu a Yamai, har aka zaɓe shi gwarzon masu horaswa na Afirka na 2011.

Saboda haka akwai ayyuka huɗu da suka rataya a wuyan magabata. Na farko, kowace hukumar gari ta keɓe filin wasa, ta yi masa takarda, tun kafin masu rabon filaye su kai gare shi. Na biyu, a tsayad da gasa tsakanin makarantu da unguwanni kowace shekara bayan girbi, bisa ga shekarun yara, a tashi daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa Tawa. Na uku, a tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa ta gaskiya, domin rage shekaru ya ɓata sunan ƴan wasan Afirka da dama, kuma wanda ba shi da takarda ba ya samun lasisi. Na huɗu, a rubuta ƙungiyoyin gari a wurin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato FENIFOOT. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma ƙungiyar da ba ta cikin rajista ko dala ba za ta gani ba.

Iyaye su ma suna da nasu rabon. Yankin nan ya saba da tafiya bida, zuwa Abijan ko Legas ko Libiya, shi ya sa maganar dillalin da ya yi alkawarin kai yaro Turai take saurin shiga kunne. Ya kamata a sani cewa dokar FIFA ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa domin ƙwallo, sai a waɗansu halaye ƙalilan. Duk wanda ya nemi a sayar da gona ko amfanin albasa a ba shi kuɗin jirgi, a tambaye shi takardar ƙungiyar da ta gayyaci yaron, a kai ta ga wakilin ma'aikatar wasanni ya duba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kada kuma a yarda yaro ya bar lakwal saboda tamaula, tun da ƙafa tana gajiya tun mutum yana da ƙuruciyarsa, kuma cikin dubu da wuya ɗaya ya ci abinci da ita. Wanda ya iya karatu shi ne zai karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu.

Baiwa ta Allah ce, yana ba da ita a Kano da Fuentealbilla, yana kuma ba da ita a Bangi da Tamaske da Karofan. Reno kuwa aikin mutane ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba magabata da iyaye ikon sauke wannan nauyi.