Yaron Da Bakinsa Ya Yi Nauyi

Duk wanda ya karye a ƙasar Kebbi ya san inda zai nufa, domin sunan Aliero ya daɗe da fita wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Amma in yaro ya kai shekara huɗu a Birnin Malam ko Jandutsi bai iya haɗa kalma biyu ba, ina iyayensa za su kai shi? Wannan tambaya ce muke ganin ya kamata mu ɗalibai mu tsaya a kanta, tun da yawancinmu daga irin waɗannan garuruwa muka fito, kuma can za mu koma aiki.

Abin da aka saba yi sananne ne. Da farko a ce nauyin baki ne, zai buɗe. In shiru ya yi yawa a kira wanzami ya duba linzami ko ya cire beli, a nemo rubutu a ba shi ya sha. In duk wannan bai yi ba, sai a sa masa suna bebe, a sallama wa ƙaddara. Ba mu ga laifin iyaye ba, gama abin da suka tarar ke nan. Sai dai beli ba shi da hannu cikin jinkirin magana, cire shi kuwa yana iya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta, ga kuma shekarun da ake ɓatawa ana jira, alhali su ne shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar harshe. Yaro mai lafiya yakan fara furta kalma wajen shekara 1, ya haɗa biyu wajen shekara 2. Wanda ya wuce wannan da nisa yana bukatar a duba shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne kunne. Yaro da ji yake koyon magana, saboda haka da yawa daga waɗanda muke kira bebaye harshensu lafiya lau yake, jin ne babu. Mu kuwa a bakin hanyar sanƙarau muke zaune. Ya yi ɓarna a arewacin Nijeriya a 1996, ya dawo a 2017, a 2025 kuma ya sake bugun Gwandu da Jega da Aliero. Ana ƙidaya waɗanda suka rasu, ana yi wa iyalansu ta'aziyya, amma wa ke komawa ya gwada kunnen yaran da suka tashi? Sanƙarau na daga cikin manyan cututtukan da ke barin kurumta, haka ma ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta.

Gyaran magana ilimi ne mai zaman kansa, da masu aikinsa. Sukan auna ji, su duba leɓe da harshe da ganɗa, su koya wa yaro inda zai ajiye harshe don fitar da kowane sauti, sannan su nuna wa uwa yadda za ta ci gaba da aikin a gida. Mai i'ina akan koya masa sarrafa numfashi da sassauta furuci. Sarki George na Shida na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952, lokacin da ƙasar nan ke hannun Turawa, mai i'ina ne, kuma wani masani ɗan Ostareliya, Lionel Logue, shi ya yi shekaru yana aiki da shi har ya iya yi wa jama'arsa jawabi ta rediyo. A wurinmu kuwa mai i'ina abin dariya ne a aji, har wani malamin yakan ɗauka wauta ce, ya kai masa bulala. Yaran da aka yi wa aikin tsagewar leɓe, da waɗanda suka warke a Asibitin Yara Masu Ciwon Noma na Sakkwato, su ma ɗinki kaɗai ba ya mayar musu da magana sai an bi da koyarwa.

Nijeriya ta san da wannan sana'a tun 1988, lokacin da aka kafa hukumar da ke yi wa masu aikinta rajista, ana kuma koyar da ita a Jami'ar Ibadan. Amma masanan ƙalilan ne, galibinsu suna Legas da Ibadan da Abuja. To, ko da an ɗauko ɗaya an ajiye shi a Jega, da wane harshe zai yi aiki? A nan ne muke ganin gizo ke saƙar. Kayan gwajin da aka fi amfani da su da Turanci aka tsara su, don yaran Ingila da Amurka. Turanci ba shi da ɓ, ba shi da ɗ ko ƙ, ba ya bambanta kalmomi da karin sauti kamar yadda Hausa ke yi. Wanda bai ji bambancin bari da ɓari ba, yaya zai gane yaron da ya kasa bambanta su? Har ma Bakano yana iya jin Hausarmu ta yamma a bakin yaro ya zaci tangarɗa ce, alhali haka uwarsa da kakarsa ke faɗi.

Don haka muke cewa 'ya'yan yankin nan ne ya wajaba a horar. Ga jami'a a Aliero tun 2006, ga dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Muna kira ga gwamnatin jiha ta ware gurbin karatu kowace shekara ga ɗaliban Kebbi a wannan fanni, da sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitocin ƙananan hukumomi. Kafin su dawo, a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa tambayar uwa ranar rigakafi ko ɗanta na waiwayowa in an kira shi. 'Yan'uwanmu masu nazarin Hausa a Sakkwato da Kano su ma ga aiki ya same su: a tattara jerin kalmomi da hotuna na gwada furucin yara da Hausar Kebbi, a tantance shekarun da yaro ke kama kowane sauti. Ƙungiyar ɗalibai tana iya fara tattarawar a hutun da ke tafe, kowa a garinsu.