Da Hannunmu Muka Kori Ungulu Daga Damagaram

Kwanan baya na tambayi yaran ajinmu wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Aka yi tsit. Karin magana kam sun iya: ungulu ba ki jewar banza, ungulu da kan zabo. Tsuntsuwar ce ba su sani ba. Alhali muna yara, ba ka zuwa mahauta ko bakin Kasuwar Dole ba ka tarar da su jingim a kan katanga ba. To ina suka tafi?

Kada mu ɗora wa fari laifi. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga manyan tsuntsaye a hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun daji. A 2015 ƙungiyar IUCN ta saka ungulun gari da mikiya cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Ga abin kunya da ya faru a ƙasarmu. A 2013 masu bincike a Girka suka ɗaura wa wata farar ungulu na'urar bin sawu, suka raɗa mata suna Paschalis. Ta ƙetare Sahara lafiya, ta sauka arewa maso gabashin Zinder. A watan Fabrairun 2014 wani maharbi ya kashe ta don kasuwar masu tsibbu a Najeriya. Hamada ba ta ci ta ba, mu muka ci baƙuwarmu.

Za a ce maharbi abinci yake nema. Na ji. Amma wa yake saye? Mu ne. Uban da ke son ɗansa ya ci jarrabawa, ɗan kasuwar da ke neman sa'a, ɗan siyasar da ke neman kujera, duk a wurin boka suke haɗuwa, shi kuma ya ce a kawo kan ungulu. Na shekara da shekaru ina riƙe da alli, ban taɓa ganin kan tsuntsu ya yi wa yaro lissafi ba. Kuɗin boka ya isa littafi da fitila.

Masu cewa ƙazamar tsuntsuwa ce, su dubi Indiya. A shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na ungulayen ƙasar, sai a 2006 aka hana bai wa dabbobi shi. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya bazu. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan rabin miliyan sun mutu sanadiyyar haka tsakanin 2000 da 2005. Mu da jiharmu ta kiwo ce, wa zai kwashe mana mushe kyauta? Ga shi mikiya ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. In ka kashe uwa, ka rufe gida.

Ƙasar Filifin ta mai da gaggafar dajinta tsuntsuwar ƙasa tun 1995, wanda ya kashe ta gidan kaso zai kwana. Mu ma muna da dokar farauta tun 1998, ga gandun Termit da Tin-Toumma tun 2012, ga duwatsun Kutus inda mikiya ke sheƙa har yau. Amma doka ba ta shiga ɗakin boka. Tarbiyya ce ke hana mutum zuwa can.

Don haka ku nake wa magana, malamai 'yan'uwana. Ku ware ko da darasi ɗaya ku faɗa wa yara aikin ungulu. Iyaye, ku karɓe ɗanƙon harbi daga hannun yaro, ku kuma daina kai kuɗinku inda ake sayar da kan tsuntsu. Ranar da mai saye ya janye, maharbi zai rataye bindigarsa.

Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. A ƙyale ta da ranta, a bar mata tsamiyar, za ta koma.