Mariƙin bindiga mai santsi: a cikin gem ya kamata a tsaya

Tun da Call of Duty: Mobile ya kawo sashen Gunsmith a 2020, matasan Unguwar Sarki da ke buga gem a waya suka koma masana sassan bindiga. Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta mariƙi, wato murfin da ke lulluɓe bututun bindiga don kada zafinsa ya ƙone hannu: mai haƙora za a saka, ko mai santsi?

A fagen ƙira, mai santsi ne ke da gaskiya. Layin Picatinny, wanda sojojin Amurka suka amince da shi a 1995, yana da haƙora jere don ɗaura fitila ko madubin saiti. Idan aka zagaye mariƙi da shi ta ɓangarori huɗu, sai ya yi nauyi, yana kuma cin tafin hannu kamar magogin kuɓewa, har sai an sayo roba an rufe shi. A 2014 kamfanin Magpul ya fito da M-LOK: jiki sumul da 'yan ramuka, abin da ake buƙata kawai ake ɗaurawa. Duk wanda ya taɓa riƙe waya mai kaifin gefe na awa biyu ya san dalilin da ya sa wannan salo ya karɓu.

Matsalar tana farawa ne idan yaro ya tashi daga gem ya faɗa bidiyon YouTube na Amurkawa masu harhaɗa bindigar AR-15 ta farko a garejinsu, sannan ya ga irin mariƙin a shagon intanet. Dokarsu daban, tamu daban. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa sassan bindiga cikin abin da take kira bindiga, ta kuma hana ƙerawa ko harhaɗawa ba tare da lasisi ba. Kunshi zai bi ta hannun kwastan da suna da lambar wayar wanda ya yi oda a jikinsa, kuma "ado na saya" ba hujja ba ce mai ƙarfi a jihar da 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022.

Wanda sha'awarsa ta ƙira ce da gaske, ai bai yi nisa da gida ba. Hukumar DICON, wadda aka kafa a 1964, tana da masana'antarta a Kakuri, ƙetaren kogi, inda ake ƙera bindigogin sojoji bisa doka. Hanyar shiga can ita ce karatun injiniya a Kaduna Polytechnic ko AFIT, da iya zane a manhajar CAD. FreeCAD kyauta ce, kuma tana aiki a kan tsohuwar kwamfuta.