Kwamfutar Gwanjo Mai Tsada: A Sayar Da Ragon Ko A Dakata?

Tambayar wannan makon daga Sule Tankarkar ta zo. Wani ɗalibin SS2 ne ya rubuto cewa mahaifinsa ya yarda a kai ragon da ya yi kiwo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a haɗa da kuɗin riɗi, a saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka. Wani ya turo masa hoton wata daga Kano, ƙatuwa, mai i7, maɓallanta har wuta suke kawowa, irin ta masu buga gem. Ta gwanjo ce, amma an ce masa “an sabunta ta”. Yana so in faɗa masa ko ya saya.

Ƙanena, bari mu fara da wannan kalma ta sabuntawa. A Turai da Amurka, manyan ma'aikatu kan yi amfani da kwamfuta shekara uku ko huɗu sannan su sauya. Akwai masu karɓar tsofaffin su gwada su, su canza abin da ya gaji, su sayar tare da garanti a rubuce. Wannan ita ce sabuntawa. Akwai kuma wadda aka goge da tsumma, aka sa mata sabon Windows, aka naɗe a leda. Dukansu biyun kana iya samunsu a kan teburi ɗaya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kuma a hoto ba ka isa ka bambance su ba.

Sai batun i7, wanda shi ya fi ruɗar ɗalibai. Sunan i7 kaɗai bai ce komai ba, sai ka duba lambar da ke biye da shi. Idan ka ga i7-6600U, wannan 6 ta farko na nufin zubi na shida, na shekarar 2015, kuma ƙwaƙwalwar aikinsa biyu ce. Shi kuwa i5-8250U zubi na takwas ne, na 2017, ƙwaƙwalwarsa huɗu. Ka ga ke nan ƙaramin suna ya fi babba aiki. Wani abin kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 daga zubi na takwas zuwa sama ya amince da su, in ban da 'yan kaɗan. Masu gyara suna da dabarar cusa shi a kan tsohuwa, amma kar ka biya kuɗin sabuwa a kan dabara.

Yanzu mu dawo gida. Kwamfutar gem tana da cin wuta. Cajarta kan kai wat 150 zuwa 230, alhali irin ta ofis, kamar HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, wat 45 zuwa 65 ya ishe ta. Kai ka fi ni sanin sau nawa ake kawo wuta a unguwarku. In a shagon mai sola za ka riƙa caji, ko a ɗan solar gida da ake kunna ƙwai biyu da fanka, waccan ƙatuwar za ta zame maka kaya. Batirinta ma ba ya jimawa ko tana sabuwa, balle ta sha jiki. Ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a yankin Gumel, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ya saba zafi da kansa, in ya haɗu da waɗannan, sai ya riƙa jan ƙafa ko ya mutu kana tsakiyar aiki. In kuma ya lalace, sai an dangana da Kano, kuɗin mota daban, kuɗin gyara daban.

Ni dai ra'ayina, kar ka sayi wannan ta hoton. In har za a saya, a nemi irin ta ofis, i5 zubi na takwas ko sama, RAM 8GB, da ma'ajiyar SSD mai 256GB. Ta ishe ka koyon buga rubutu, da Excel, da fara koyon rubuta manhaja, har ka shiga jami'a.

Kuma kar a tura kuɗi a kan hoto. Ka je da kanka tare da babba wanda ya san harkar. A gaban mai shago, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da lambobi biyu: ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi, da abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun bai wuce rabin na farko ba, a canza batiri ko a rage kuɗi. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowace kafar USB, da kyamara, da Wi-Fi. Ka cire caja ka ga ko za ta ɗauke. A shiga BIOS a tabbatar babu lambar sirrin tsohon mai ita, in kuwa MacBook ce, a tabbatar ba a kulle take da asusun wani ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ce yana sauri, ka bar masa kayansa.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba: me za ka yi da ita? In don JAMB ne kawai, a dakata da ragon. Tun 2015 ake rubuta jarabawar a kwamfuta, amma abin da take nema a wajenka kaɗan ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka yi gaba, P ka koma baya. 'Yan kwanaki a cibiyar koyon kwamfuta, ko a ɗakin kwamfutar makarantarku in yana aiki, sun isa hannunka ya saba. Kuɗin ragon ya tsaya jiran rajistar jarabawa da littattafai.

Ka sake rubuto mini da lambar da ke bayan i7 ɗin nan, da abin da kake son koya, sai mu duba tare.